Wa Zai Shiga Gaba a Kwalbati

Asabar, da hantsi

Likita ya ce in riƙa rubutu don yatsun nan su tuna aikinsu. To ga shi ina yi. Ajamin da na koya ina yaro shi kaɗai gare ni, wanda bai iya karanta shi ba, ba da shi nake ba.

Ni Tambaya, ba abin da ya same ni. Wannan shi ne na farko. Ƙafa ce ta yi nauyi, hannun dama yana ɗan rawa, shi ke nan. Amma tun ranar da aka ɗauko ni daga bakin kwalbati, shanuna suna cikin albasar mutane, kowa a gidan nan ya zama likita. Barira ta hana ni gishiri. Matar da muka tsufa tare, yau ita ke ba ni miya salam kamar ruwan kanal.

Jiya Iliyasu, ɗan da na haifa, ya zaunar da ni kamar shi ya haife ni. Ya ce ƙarshen watan nan shanu za su tafi kudu wurin Suhaibu, ƙanen matarsa. Ya ce yana da alkama da shinkafa a gona, ba zai iya zagayawa da su ta babbar gada kullum ba. Ta kwalbati kuma, inda ya fi kusa da makiyaya, shi kaɗai ba ya iya tsallakar da su ba tare da ɓarna ba, don hanyar ƙunci gare ta, ga albasar maƙwabcinmu Dattijo a baki ba shinge. Na ce ni zan kai su. Ya dubi ƙafata. Ƙafata ya duba, ba fuskata ba.

Saniyar da ta je hannun Suhaibu labarinta ne ke dawowa: ta ci wani abu, maciji ya sare ta. Kowa ya sani.

Na ce masa kafin Suhaibu ya kwashe su zan tsallaka da su kwalbatin nan a kan idonsa, ba wadda za ta taɓa ganyen albasa. Ya ce in na yi haka sun zauna. Barira shaida ce.

Lahadi, bayan la'asar

Sumayya ta zo daga Kano, 'yar Iliyasu ta fari, wadda ta yi karatun kwamfuta. Wai jinya ta zo. Tun daga zaure take cewa, "Ina angon nawa? An ce ka tsufa, na zo ka ba ni takardata in nemi saurayi."

Na ce, "Wa zai kwashe ki? Mace ko fura ba ta iya damawa ba, sai danne-dannen ƙarfe."

Ta yi dariya, amma na ga inda idonta ya sauka. Duk haka suke yi yanzu.

Jinyar tata ita ce ta baje a tabarma kusa da ni da kwamfuta a cinya. Na tambaye ta me take yi. Ta ce wasan waya take ƙerawa, ita da wani abokin karatunta Lukmanu da ke Kano, sun sa masa suna Burtali. Ta nuna mini. Ga shanu ƙanana kamar tururuwa, ga makiyayi da sanda, ga jakuna, ga kanal, ga gonaki kore shar. Kai da abokin karawarka kowa da garkensa, ana rige-rigen ruwa da ciyawa, kuma wasan ba ya tsayawa ka yi tunani, komai tafiya yake yi. In shanunka suka faɗa gona, manoma su fito su kama su.

Na ce ashe ƙarya ma sai an je makaranta ake koyonta.

Ta ce waɗanda suka gwada sun ce zane ya yi kyau, amma shanun ba sa jin magana. Ka ce su yi gabas su yi yamma. Abin da ya hana su sakin wasan ke nan. Na ce ai ba su san mai su ba ne.

Litinin, da safe

Dattijo ya zo duba ni. Ya sake cewa ya yafe albasar ranar nan. Sau nawa mutum zai yafe abu ɗaya? Da gaban mai unguwa ya kai ni da ya fi mini sauƙi. Da zai tafi ya ajiye ƙwaryar tumatir a inda zan riƙa ganinta.

Talata, bayan azahar

Sumayya ta miƙo mini wayar, wai ita ma motsa yatsu ce.

"Baffa, ka fara zaɓar shanunka. Ɗora yatsa nan, ka ja zuwa can, akwati zai fito, duk wadda ta shiga ciki taka ce. Sai ka danna inda kake so su je."

Akwati. Saniya a akwati. Na ja, ya kwaso mini shanu da jaki a haɗe. Na sake ja, yatsa ya zame, duk suka juya suka nufi kanal, suka tsaya a baki suna kallon ruwa kamar an yi musu rasuwa. Na taɓa guda don in ware ta, sai ga sauran sun taho wurinta, wai wayar ta ɗauka ƙasar da ke gefenta na danna.

Na ce, "Wannan wane irin kiwo ne? Dannan da za ka kama saniya da shi, shi ne kuma dannan da za ka kore ta da shi?"

Ta ɗago kai. Ta ce, "Sake faɗa." Na ce ban faɗa don a maimaita ba. Ta juya kan kwamfutarta, har abinci ya huce ba ta ɗago ba.

Laifin wayar ne. Fuskarta santsi gare ta.

Laraba, da yamma

Shanu sun dawo ta babbar gada, ciki a lafe. Rabin yini a hanya, yaushe za su ci? Goshi, wadda ke jan garke, ta leƙo ta kan danga ta yi mini kuka. Ban fita ba. Ba na so ta gan ni da sandar asibiti.

Alhamis, bayan la'asar

Ta canza abin. Yanzu in ka taɓa kusa da saniya, saniyar ka taɓa, ba ƙasa ba. In ka bar yatsa a kanta, wani zobe zai riƙa faɗi kamar an jefa dutse a ruwa, yana kwaso na kusa da ita, shanu zalla ban da jakuna. In sun ishe ka sai ka ɗaga yatsa. Waɗanda ka kama kuma sai wani haske ya fito a ƙarƙashinsu, ka san da su wa kake magana.

Ta ce, "Yaya, ango?"

Na ce ba laifi.

"Ba laifi kawai? Kwana na yi a kai."

Na ce to wa ya aike ki. Na ɗan ƙara gwadawa don in nemo mata kuskure, sai wayar ta mutu. Wai na cinye mata caji. Cajin da rana ke bayarwa kyauta a kan rufi.

Hannun ya yi tsami. Tsami ya fi rashin ji.

Juma'a, bayan saukowa daga masallaci

An kawo mini kujera a sahu. Kujera! Na ture ta. A tsaye na yi sallata, sai a raka'a ta biyu na zauna don na ga dama.

Asabar, da hantsi

Ashe abin da suke yi mini ke nan.

Ina kwance, ta zaci barci nake, ta kira Lukmanu. Na ji da kunnena: "Na sa wayar ta riƙa watsar da danna na biyu in ya biyo na farko da sauri. Saboda rawar hannunsa, sai ya taɓa sau biyu bai sani ba, ya kama su ya sake su."

Na tashi zaune. Na ce, "Wato sadaka kika yi mini?"

"Baffa, ba haka ba ne."

"Ni ina nan ina cewa hannu ya warware, ashe ke ce kike tallafe ni ta baya kamar ɗan tatata. A cire."

"Ba zan cire ba."

Haka ta ce. Ba zan cire ba. Ubanta ta biyo, shi kuma ban san wa ya biyo ba. Barira ta ce ita ta sani.

Lahadi, da yamma

Ban taɓa wayarta ba.

Litinin, da yamma

Yau ma ban taɓa ba. Na zagaya tsakar gida da sandata ta kiwo, ba ta asibiti ba, har gumi ya jiƙa mini riga. Barira ta ce fushin kaza huce kan dami, yarinya ba ita ta ɗaure mini ƙafa ba. Wa ya tambaye ta?

Wata yana ƙarewa.

Talata, bayan azahar

Sumayya ta kawo mini fura. Da gudaji a ciki, amma na sha. Ta zauna ta ce Lukmanu ya ba samari wasan su gwada a tasha, masu bugawa a cikin mota. Duk sun ce yanzu ne shanun suka fara jin magana, da sai mota ta faɗa rami garke ya watse.

"Hannun kowa rawa yake yi a motar Kura, ango. Ba a kanka aka fara ba. Na bar wa kowa abin, babu na mai lafiya babu na maras lafiya."

Na ce to, tunda don mutanen mota ne. Amma da sharaɗi. Makiyayin nan nata yana bin shanu a baya kamar mai korar jakai, wannan abin kunya ne. A gidanmu mai shanu gaba yake shiga, sanda a kafaɗa, su bi muryarsa. Baya wurin yaro ne da ɗan haya. Mahaifina har ranar da ya kwanta ciwon ajali bai taɓa ganin jelar saniyarsa a hanya ba. Ni ma haka na tashi. Duk ƙasar nan daga Bunkure har Kura an san wanda ke gaban farin garken nan.

Ta ce wannan ma zai rage wa mai wasa wahala: ka haɗa shanu da makiyayi sau ɗaya, daga nan shi kaɗai za ka riƙa aikawa, su bi shi. Ta ce, "Ka ga amfanin auren tsoho."

Alhamis, bayan la'asar

Ta yi. A fili abin sha'awa. Ɗan mutumin yana gaba, shanu a jere a bayansa, in ya karkata su karkata. Na daɗe ban ga abin da ya yi mini daɗi haka ba. Ban gaya mata ba.

Sai muka isa kwalbati. Ashe ta sa kwalbati a wasan, da gonar albasa a bakinsa. Na ce me ya sa albasa? Ta ce kowane kwalbati da gona a bakinsa. Ba ta dube ni ba.

Makiyayi ya shiga. Tafiyarsa ba ta kai ta shanu ba, na gaba suka taru a bayansa, na baya suka turo, na tsakiya ba su da wurin zuwa sai gefe. Suka zube cikin albasa. Manoma suka fito da gudu. Na sake, haka. Na sake, haka.

Na ce, "Ki ƙara masa sauri."

Ta ce a'a. In mutum ya fi saniya sauri, kowa makiyaya zai aika su riga kame ruwa, shanu su zama kaya, wasa ya lalace. Ta kira Lukmanu, ya ce abu mai sauƙi, a sa shanun su riƙa ratsa jikin juna a wurin ƙunci, wasanni da yawa haka suke yi. Na karɓi wayar na ce masa, "Ɗana, saniya ce ko aljana?" Sumayya ta ce ita ma ba ta yarda ba, mai wasa zai ga ƙaryar da idonsa. Yau dai mun haɗu a kan abu ɗaya.

Ni na san maganin. A ƙara masa sauri.

Juma'a, bayan sallar asuba

Na je kwalbati ni kaɗai. Tun ranar nan ban je ba.

Ruwa cike da kanal, an sako shi. Wurin yana nan yadda yake, siminti ya ɗan gutsure a gefe, faɗinsa saniya biyu in ba masu ciki ba ne. Albasar ta murmure, har inda aka tattake ta fito. Na taka na tsallaka. Na dawo. Na sake tsallakawa. Ƙafar hagu ta isa, ta tsaya jiran 'yar uwarta.

Dattijo yana can yana buɗe wa fangalinsa ruwa. Ya ɗago fartanya ya ce, "Tambaya, sannu da motsa jiki!" Kamar wani mai ciwo.

Ina ƙara sauri. Na ji a jikina.

Asabar, da yamma

Ta ce ta gano. Ta zo da murnarta, ko mayafi ba ta gyara ba.

"Duba, Baffa. In an zo wurin ƙunci, sai ka ja makiyayi ka tsayar da shi a baki, ta ɓangaren gona. Na sa shanu su riƙa ba shi ɗan fili, ka ga ya zama shinge ke nan. Sai ka danna can nesa bayan kwalbati, ba a bakinsa ba. Su shiga layi, wadda ta tsallaka ta wuce gaba ta ba ta baya wuri. In sun ƙare sai ya bi su."

Na ce, "Ya bi su."

"Eh."

"A baya."

"Na ɗan lokaci ne, in sun fita fili ya koma gaba."

Na ce makiyayin da ya tsaya a gefe shanunsa suka wuce shi, wannan ba makiyayi ba ne, mai gadi ne. Ta ce ta gwada duk wata dabara, babu wadda ta yi. Na ce ba ta gwada ƙara sauri ba. Sai ta ajiye wayar ta ce, "Baffa, ba shanun ne ke toshe hanyar ba."

Barira da ke tankaɗe ta daina.

Na ce, "Da wa kike?"

Ta ce, "Ni wasa nake gyarawa." Idonta ya kawo ruwa.

Na ce to ki gyara wasanki.

Lahadi, da hantsi

Kafin Iliyasu ya fito na kwance Goshi da 'yan kaɗan na nufi kwalbati da su. Ina gaba, sanda a kafaɗa. Suka biyo ni. Wallahi na ji takunsu a bayana kamar yadda na saba.

A fili lafiya lau, Goshi ta rage tafiya don ni. Ta san ni. A kan simintin ne na ji numfashinta a wuyana. Ba ita ba ce, na baya ne suka turo ta. Karsanar nan mai rawar kai ta sa ƙafa a kunyar albasa.

Ban faɗi ba. Zama na yi.

Dattijo yana wurin. Ya juya baya yana gyaran bakin ruwan da ba abin da ya same shi. Da ya yi dariya da na san abin da zan ce masa.

Barira ta wanke rigar ba ta ce komai ba. Wannan ma wani salon faɗa ne.

'Yan kaɗan ke nan. Ina ga garke duka.

Litinin, bayan magariba

Suhaibu ya aiko, jibi zai zo.

Talata, bayan azahar

Sumayya ba ta yi mini magana sosai tun ranar Asabar, sai gaisuwa. Ta bar wayar a kan tabarma ta tafi taya Barira aiki. Da gangan ta bar ta, na san halinta.

Na ɗauka don in kawar da ita daga rana. Wasan a buɗe yake. Na dafa saniya, zobe ya faɗaɗa, na kwashe su. Na kai su kwalbati. Na ja ɗan mutumin na tsayar da shi a gefen albasa, don kawai in tabbatar abin nata ba ya yi. Na danna can nesa.

Suka wuce. Ɗaya bayan ɗaya, kamar ana zare tsakiya daga zare. Ba wadda ta kalli gonar.

Na daɗe ina kallon ɗan mutumin nan a tsaye da sandarsa. Ba wanda ya yi masa dariya. Amma shi ba shi da maƙwabci.

Duk da haka akwai kuskure, kuma sai da na kira ta na nuna mata. Shanunta wadda ta fi kusa ita ke fara shiga. Ba haka ba ne. Masu turi su ake fara saki, su wuce da fitinarsu, sannan masu ciki, sannan masu 'ya'ya. In ka bar mai rawar kai a baya ita za ta watsa maka layi.

Ta ce, "Wato ka gwada ke nan."

Na ce wayar ce ta yi da kanta, santsi gare ta.

Ta ce wannan gyaran babba ne, sai kowace saniya ta samu halinta, zai ɗauke ta lokaci, amma za ta yi. Sai ta ce, "Ango, gobe fa?" Na ce gobe ta Allah ce, je ki aikinki.

A wasa yatsa kake dannawa can nesa su tafi. Shanun gaske ba sa bin yatsa. Sai da murya a can.

Laraba, bayan la'asar

Suhaibu ya iso da hantsi a kan babur, har da igiyoyi a ɗaure a baya. Igiyoyi! Tun kafin a ba shi. Ya durƙusa yana "Baffa ya jiki, Baffa ya ƙarfin jiki," idonsa yana kan turke yana lissafi.

Na ce a kwance su.

Na shiga gaba. Daga gida har bakin kanal ni ne a gaba, sanda a kafaɗa, wannan kowa ya gani. Iliyasu yana gefena kamar zai tare ni, na ce ya matsa. Sumayya da Suhaibu suna biye. Dattijo kuwa yau ya ga damar yin ciyawa daidai bakin kwalbati, shi da ya saba aiki a can ƙarshen gona.

Da muka kusa na ɗaga sanda, Goshi ta tsaya, garke ya tsaya. Na dubi simintin nan. Allah ya sani ƙafata ta so ta hau. Na tsaya har Iliyasu ya ce, "Baffa, in ba za a iya ba a bari, ba wanda zai ga laifinka."

Na ce, "Kai. Tsallaka. Je ka gindin mangwaron can ka tsaya, kada ka tsaya a baki. In na ce ka kira, ka kira Goshi."

Ya dube ni. Wannan karon fuskata ya duba.

"Ni zan shiga gaba?"

"Kurma na haifa?"

Ya tsallaka. Ni kuma na ja ƙafata na koma gefe, na tsaya a kan kunyar farko ta albasa, na dogara sanda. Ban taɓa tsayawa a wurin nan ba a rayuwata. Daga nan garke wani iri yake, duk ƙahoni ne suna kallonka.

Dattijo ya miƙe ya ce, "A'a, Tambaya! Yau kai ne ɗan baya?"

Na ce, "Gadin albasarka nake, tunda mai ita ya kasa yi mata shinge tun zamanin da aka haƙa kanal."

Na ɗaga murya na ce Iliyasu ya kira. Ya kira. Goshi ta dube shi, ta juyo ta dube ni. Ta ƙi motsi. Ta tako wurina ta tsaya, jira take in wuce. Na ji Suhaibu ya yi gyaran murya. Na dafa wuyanta da hannun nan mai rawa, na ce mata, "Je ki. Ina nan." Na ɗan tura ta. Ta yi jim, sannan ta hau simintin.

Daga nan aiki ne. Na saki karsanar nan mai rawar kai da bijimin da ke tunkuri, suka wuce da fitinarsu. Na gitta sanda na tare sauran. Na riƙa kiransu da suna, wannan ta wuce, wannan ta jira. Wata ja mai ciki ta karkato wajen kore, ta same ni a tsaye, na ce mata kul, ta koma layi. Maruƙa na bari ƙarshe da iyayensu. Ƙafar ta yi ta rawa, na ce mata ki yi rawarki, tafiya ce ba za ki iya ba, tsayuwa kuwa sai na ga dama.

Da ta ƙarshe ta hau, na waiwaya. Ganye ko ɗaya bai kwanta ba, sai inda ni na taka.

Sannan na bi su. Na ga jelarsu. Abin da ubana bai gani ba, na gani, a gaban Dattijo. Ba zan ce bai yi ciwo ba.

A gindin mangwaro Iliyasu ya ce in haka ne kullum da safe sai mu tsallakar da su tare kafin ya wuce gona, da yamma ma haka, tsakani kuwa makiyaya fili ce, ina iya zama a inuwa da su. Suhaibu ya ce, "To yaya, ni fa?" Iliyasu ya ce, "Ka je gida a dama maka fura, ka gaida mutanen kudu."

Sumayya ta zo ta kama mini hannu wai za ta taimake ni zama. Na bar ta. Ta ce a kunnena, "Na fasa karɓar takardar." Na ce ni kuma yanzu nake tunanin ba ki.

Alhamis, da hantsi

Suna can suna ci, ina ganinsu daga inda nake zaune.

Sumayya ta koma Kano da safe, ta ce za su saki wasan haka, halin shanu kuma ya biyo baya. Na ce kada ta kuskura ta bari Lukmanu ya taɓa kwalbatin nan.

Yau Iliyasu ya wuce gaba ban ce masa ba. Bai iya kira ba. Ihu yake yi musu kamar mai neman fasinja, Goshi kunya kawai take ji ta bi shi. Na gaya masa, ya ce ai sun zo. Zuwa daban, kira daban. Gobe tun daga turke zan sa shi ya fara, sai ya iya ko ya ƙi.